Wuƙar Jego

Ranar Juma'a ce a ƙarshen damina, gero ya fi tsayin mutum har ya fara sunkuyar da kai. Na fito daga gidan Gwaggo Aina'u, ƙanwar babana, inda na kai mata jaririna Abdulkabir ta sa masa albarka. Yawon arba'in nake yi, gidanta kaɗai ya rage mini. Ita tana wata 'yar unguwa, mu kuma muna gabas da Makoda, tsakaninmu ba komai sai gonaki da wata siririyar hanya da ƙafa ta fitar. Da safe maigidana, baban yaran, ya kai mu a babur, ya ce sai an sauko daga masallaci zai dawo ya ɗauke mu. Ni kuwa na bar wanki a jiƙe, ga hadari yana ɗan leƙowa ta gabas, sai na ce wa Gwaggo gara mu taka a hankali.

Abdulkabir yana bayana yana barci, jakar kayansa a kafaɗata, ƙullin tsarabar Gwaggo a kaina. 'Yata tana gaba tana tsalle da sabon takalmin roba. Shekararta huɗu. Sunanta na yanka Safiyatu, sunan mahaifiyar surukata, shi ya sa duk gidan Walida ake ce mata.

Mun yi kamar rabin hanya ta tsaya ta matse ƙafafu.

"Umma, fitsari."

"Ba yanzu na ce ki yi a gidan Gwaggo ba?"

"Lokacin bai zo ba."

"To shiga daga ciki, kada ki tsuguna wa mutane a hanya."

Wurin kan iyaka ne, gero a hannun hagu, gonar gyaɗar Audu maƙwabcinmu a dama, da wata bishiyar aduwa a tsakani. Ta ratsa ciyawar kan iyakar tana ɗage riga. Ina tsaye ina gyara goyo na ji wani abu ya yi fyau, kamar an zabga bulala a iska. Sai ƙarar faɗuwa. Kukan bai zo nan take ba, wannan ɗan shirun ne ya sa na yar da ƙullin kaina na kutsa.

Na same ta kwance rigingine, ƙafarta ta dama a sama. Wani reshen kargo ne ɗanye, da saiwarsa a ƙasa, aka lanƙwaso shi aka ɗana wa gafiyar da ke tonon gyaɗa. Yanzu ya miƙe ya ja igiya, igiyar kuma ta zarge ta a idon sawu. Igiyar roba ce shuɗiya, siririya, irin wadda ake ɗaure kaya da ita a bayan babur. Da ta gan ni sai kukan ya ɓalle, ta shiga shure-shure tana jan ƙafar da iya ƙarfinta.

"Tsaya. Walida, tsaya, kada ki ja."

Ina? Ba ta ma ji na. Kafin in kamo reshen ta fizga sau biyu ko uku, a idona igiyar tana ƙara nutsewa cikin fata. Na danno reshen ƙasa na zauna a kansa da cinyata ɗaya, igiyar ta saki tsakanin ƙafar da reshen, ƙafar ta sauko kan ciyawa. Na ɗauka zargen ma zai saki. Bai saki ba. Na sa farce ina neman bakin ƙullin, sai na tarar mai tarkon ya ƙona shi da wuta, robar ta narke ta haɗe ta zama ɗan dunƙule mai tauri kamar ƙwallon magarya. Zoben da igiyar take bi ta ciki ya matse ya cije ta, ba gaba ba baya. Na duba ɗaya ƙarshen, wanda ke jikin reshen. Shi ma an ƙona.

Na gwada karya reshen. Ɗanyen kargo ba ya karyewa, sai dai ya murɗe ya yi ta fitar da zare. Na sa haƙori a igiyar na ciza har muƙamuƙina ya yi tsami, ko gezau. Na waiga neman dutse. Ƙasarmu jigawa ce, kana iya yini kana yawo ba ka samu dutsen da za ka fasa goriba ba.

Na miƙe wuya na yi kira. "Akwai mutane? Jama'a, a kawo ɗauki."

Geron ya haɗiye muryar. Daga can nesa, idan iska ta juyo, lasifikar masallacin Juma'a tana kawo huɗuba guntu-guntu. Duk namijin da zai kasance a gonakin nan yana can a zaune cikin sahu, mata kuma suna cikin gidaje, gidan da ya fi kusa kuwa ko rufinsa ba na hange.

Na duba ƙafar. Ƙasan igiyar ya fara cika, yatsun sun fara canza launi. Fatar Walida tana da haske kamar ta babanta, don haka ba sai na yi kirdado ba, ina ganin duhun yana shigowa. Na taɓa ganin abin da turke ya yi wa ƙafar akuyarmu da ta kwana a harɗe. Ba ta ƙara taka ta ba. Na kawar da wannan daga raina, na ciro waya.

Wayar babansu a kashe take, kamar yadda na zata. Na kira Inna, surukata.

"Salamu alaikum. Zuliha ce? Kin yini lafiya? Ya mutanen gidan? Ya Aina'u, ta samu sauƙin—"

"Inna, tarko ya kama Walida."

Tunda aka kawo ni gidan ban taɓa katse ta tana gaisuwa ba.

"Tarkon me?"

"Na igiya, a gonar Audu, gindin aduwar nan ta kan iyaka. Ya shaƙe mata ƙafa, ya ƙi kwancewa. Akwai wanda za a turo?"

"Innalillahi. Duk sun tafi masallaci, har yaran. Ni kaɗai ce sai kaji. Ga ni nan zuwa, ki tofa mata addu'a."

"Ki taho da wuƙa, Inna."

"Ba ga wuƙa nan a ƙugunki ba?"

Wallahi sai da ta faɗa na tuna. Na dafa ƙuguna na ji ta a inda take kullum, cikin naɗin zani.

'Yar wuƙar aljihu ce ta babansu, irin wadda ake ninkewa ruwanta ya shige cikin ƙota. Ranar da na haihu Inna ta karɓe ta daga hannunsa ta tura ƙarƙashin matashin jariri, ta ce ƙarfe yana kore abin da ido ba ya gani, kuma idan zan fita ko bayan gida ne in soke ta a ƙugu. Haka aka yi mata, haka aka yi wa uwarta. Ban yi musu ba, abin da na roƙa kawai a bar ta a ninke saboda Walida mai hannun ɗauke-ɗauke ce. Tun daga ranar tana nan, ta sha fitsarin jariri, ta sha tururin ruwan wankan jego safe da yamma, ta sha gumin ƙuguna da danshin damina. Ba wanda ya taɓa buɗe ta.

Na maƙale wayar a kafaɗa, na sa farcen babban yatsa a ɗan gurbin da ke jikin ruwan wuƙar na ja. Farcen ya tsage har nama. Wuƙar ba ta motsa ba.

"Inna, ta ƙi buɗewa."

"Ai da ma ba don buɗewa aka ba ki ita ba." Na ji tana nishin tashi, na ji ƙarar kwanuka. "Bari in ɗauko ta girki. Kin san dai gwiwar nan tawa."

Na sani. Daga ɗakinta zuwa zaure ma sai ta huta a hanya. Na kashe wayar na sa ta a jaka, na san in dai jiran Inna zan yi, ƙafar nan ba za ta jira ba.

Walida ta daina shure-shure, ta koma wani siririn kuka tana jan numfashi. Abdulkabir ya farka ya fara mutsu-mutsu a bayana. Na kwance shi na shimfiɗa majanyi a inuwar aduwa, inda hannuna zai kai, na kwantar da shi. Ban tashi daga kan reshen ba, don da na ɗaga cinyata zai sake fizgar ƙafar sama.

"Umma, zafi."

"Na sani. Kalle ni. Kin ga wuƙar Baba? Da ita zan yanke igiyar, amma sai kin taya ni. Aikinki shi ne ki tsare mini ƙafar nan kada ta motsa."

"Za ki yanke mini ƙafa?"

"In yanke in kai ina? Wa zai sa takalmin?"

Ta waiga cikin ciyawa. "Gafiyar za ta zo?"

"Gafiya tsoronki take ji. Kin fi ta baki."

Na juya wuƙar a hannuna na dube ta da kyau, yadda nake duba almakashina idan ya ƙi. Ni mai keken ɗinki ce, na san halin ƙarfe idan ya sha danshi. Ba duk jikinsa ne yake kamawa ba, wuri ɗaya ne, gindin ƙusar da yake juyawa a kai. Nan ɗin ya yi ja wur da tsatsa, tsagar da ruwan wuƙar yake kwanciya a ciki kuwa ta cika da wani baƙin datti, zaren tsumma da hodar jariri da suka jiƙe suka bushe suka zama kamar laka. Ƙarfi ba zai yi ba. Na riga na ba da farce ɗaya.

Na zazzage jakar a ƙasa. Tsummokai, hoda, basilin, sabulun da Gwaggo ta ba mu, makullin ɗakina, da 'yar kwalbar man zaitun da nake shafa wa Abdulkabir a maɗiga. Basilin ya yi kauri, ba zai ratsa ba. Na ɗauki man zaitun. Saura kaɗan a gindin kwalba.

Kafin in zuba na lalubo ƙayar aduwa busasshiya a ƙasa, na shiga sakace tsagar. Dattin yana fitowa a dunƙule. Ƙayar farko ta karye a ciki, sai da na nemo ta biyu na tono guntun. Na hure tsagar, na sake sakacewa kusa da ƙusar har na fara ganin farin ƙarfe. Sannan na tsayar da wuƙar, ƙusar a ƙasa, na ɗiga man a hankali ta ɓangaren nan, na juya na ɗiga ta wancan.

Mai ba ya sauri. Wannan shi ne abin da ya fi komai wuya a ranar, in zauna riƙe da wuƙa ina jiran mai ya ratsa tsatsa, ƙafar 'yata tana gabana tana ƙara cika. Na ɗaga ƙafar na ɗora a cinyata ɗaya. Ta yi sanyi a tafin hannuna, da rana tsaka. Na latsa farcen babban yatsanta na saki, farin bai koma ja ba.

"Har yanzu da zafi?"

"Ya daina."

Da ta ce da zafi da na fi jin daɗi.

"Kina jin hannuna a nan?"

"A ina?"

Na ɗauki wuƙar na fara buga gindinta a jikin reshen da nake zaune a kai, gefen ƙusar, don tsatsar ta farfashe man ya samu hanya. Itacen ɗanye ne, yana shanye bugun. Na cire takalmina na gwada da dunduniyarsa, roba ce, ba ta da amfani. Sai na miƙa hannu iya tsawonsa na kai ga wata saiwar aduwa da ta fito waje, busasshiya mai tauri. Nan na yi ta bugawa, ƙwas, ƙwas, ƙwas, in juya ɗaya gefen in sake. Wani jan ruwa ya fara tsattsafowa daga gindin ƙusar. Na goge da bakin zani na ƙara ɗigo biyu.

Abdulkabir ya buɗe baki ya fara nasa kukan, irin na yunwa. Nonona ya amsa, na ji rigata tana jiƙewa. Ban ko waiga ba.

"Umma, ƙanina yana kuka."

"Bar shi. Yi masa waƙar nan taki."

"Ba na iyawa."

"Kina iyawa. Jiya wa ya hana mu barcin rana da ita?"

Ta fara wata waƙar da ita ta ƙirƙiri abarta, ba kai ba gindi, akuya da alawa da sunan ƙaninta. Ina so ta yi ta yi, don muddin tana waƙa na san tana tare da ni.

Na ɗauki makullin ɗakina na cusa bakinsa a gurbin farcen nan, na danna kamar mai ɓare gwangwani. Ya zame ya karce mini yatsa. Man ya sa komai santsi. Na ɗebi yashi na murje hannuwana, na naɗe ƙotar da tsumma, na matse ta tsakanin gwiwoyina na sake cusa makullin. Na ce bismillahi na danna a hankali, ba fizga ba.

Wani abu ya yi ƙis.

Ruwan wuƙar ya ɗago, bai fi kaurin tsinken tsintsiya ba. Zuciyata ta ce in kama in ja da ƙarfi. Na hana ta. Idan almakashi ya fara motsi ba a buɗe shi gaba ɗaya, mayar da shi ake yi a sake buɗewa, a yi ta yi har ya saki da kansa. Na danna ruwan ya koma, na sake ɗagowa da makulli. Na mayar, na ɗago. Kowane zuwa yana ƙara ɗan tazara, baƙin mai yana gangarowa a yatsuna. Na kife kwalbar na girgiza ragowar a kai. Da ya ɗago yadda zan iya kama bayansa, na ajiye makullin na kama da tsumma, ina kai shi ina kawo shi, yana ƙara kamar tsohuwar ƙofa.

Waƙar ta tsaya.

"Walida."

"Na gaji."

"Ba ki kai wurin akuyar ba."

"Barci nake ji."

"Ba yanzu ba. Buɗe ido ki ga, ta kusa."

Wuƙar ta kai rabi ta tsaya cak, kamar kusurwar ɗaki. Na tura, ta ƙi. Na mayar da ita baya, nan ma da ƙyar. Man ya ƙare. Na dube ta, na dubi ƙafar, wadda yanzu ta yi duhu har tafin, ta kumbura har igiyar ta kusa ɓacewa cikin nama. Rabi ya isa. Na gwada kaifin a igiyar da ke tsakanin ƙafar da reshen. Tsatsa ta ci bayan ruwan amma bakin yana nan, babansu mutum ne mai son wasa wuƙa. Na goga sau kaɗan igiyar ta rabu. Na ɗaga cinyata, reshen ya tashi fyau ya watsa mana ganye.

Saura zargen, kuma shi ne aikin.

Babu inda zan zura wuƙa ƙarƙashinsa ba tare da na yanki yarinyar ba. In yanka daga sama kuwa, da igiyar ta rabu bakin wuƙar a namanta zai sauka, ga jijiyoyi a wurin. Na shafa zagayen ƙafar da yatsa ina neman inda ya fi taushi. A bayan idon sawu, gefen agara, akwai ɗan kwarmin da kowa yake da shi. Nan igiyar ba ta nutse kamar sauran wuraren ba. Na lakato basilin na cusa a wurin, na shafe makullin da shi.

"Yanzu zai yi zafi kaɗan. Kama zanina ki matse. In kin ga dama ki cije shi."

"Kin ce ba a cizon kaya."

"Yau na yarda."

Na kwantar da makullin a kan fata na fara tura shi ƙarƙashin igiyar. Wurin tana ji, don ta sandare ta ƙwalla ƙara, ɗaya ƙafar ta same ni a ƙirji. Na danne cinyarta da gwiwar hannuna ban daina turawa ba. Fatar ta ɗan yage, jini ya fito kaɗan, baƙi. Bakin makullin ya leƙo ta ɗaya gefen. Yanzu igiyar tana kan ƙarfe, ƙarfen yana kan ƙafa.

Na riƙe wuƙar kusa da baki, yatsuna nesa da inda za ta iya rufowa, na ɗora kaifin a kan igiyar daidai saman makullin. Ban danna da ƙarfi ba. Gajeren gugu nake yi, ina kallon zaren robar suna tsinkewa ɗaya bayan ɗaya suna miƙewa kamar gashi. Gumi yana shiga idona, ba hannun gogewa. Abdulkabir ya kai inda muryarsa take shaƙewa. Walida tana kiran babanta. Na ji kaifin ya taɓa ƙarfen makulli, sai igiyar ta yi tsalle ta buɗe.

Ba ta faɗi ba, tana manne cikin ramin da ta yi. Na ɓanɓare ta a hankali. Ta bar zobe mai zurfi zagaye da ƙafar, fari fat a ciki, gefensa a kumbure.

Na ɗora ƙafar a cinyata ina kallo. Ba abin da ya canza. Ban murza ba, don ban sani ba ko murzawa gyara ce ko ɓarna, sai na rufe ta da tafukana biyu ina hura mata iskar bakina, ina karanta duk abin da ya zo mini. Huɗubar can ta ƙare, an tada salla. Na ɗauko Abdulkabir da hannu ɗaya na sa shi a nono ba tare da na saki ƙafar ba.

Sai Walida ta zabura ta fasa wani irin kuka da bai yi kama da na ɗazu ba.

"Cinnaka. Umma, cinnaka suna cizona a ƙafa, cire su."

Na buɗe hannuna. Ba cinnaka ko ɗaya. Farin zoben nan ya fara yin ja, duhun tafin yana washewa daga sama, tabo-tabo, kamar ana ɗiga ruwa a busasshiyar ƙasa. Na san wannan cizon, shi ne wanda mutum yake ji idan ya daɗe zaune a kan ƙafarsa ya tashi.

"Bar su su ciza. Jini ne yake komawa gida."

"Da zafi."

"Alhamdu lillahi."

Ta dube ni da jajayen idanu kamar na ci amanarta. Na latsa farcen babban yatsan na saki. Ya yi fari, ya daɗe, sannan a hankali ya koma ja.

"Motsa mini wannan."

"Ba zan motsa ba."

"To shi ke nan, takalmin ya zama na Abdulkabir."

Babban yatsan ya ɗan lanƙwashe. Na kusa da shi ma ya bi. Ƙananan biyun na ƙarshe ba su motsa ba, ko ta ƙi ne ko sun ƙi, ban sani ba.

Na bari Abdulkabir ya ɗan sha na mayar da shi baya. Na naɗe wurin yagewar da tsumma mai tsabta, sako-sako. Na zo ninke wuƙar ta ƙi rufuwa kamar yadda ta ƙi buɗewa, sai na naɗe bakinta da majanyin da ya ɓaci na tura can ƙasan jaka. Ƙullin tsarabar na jawo shi cikin gero na bar shi, wanda zai ɗauko ya ɗauko. Na saɓi Walida a kafaɗa, goyo a baya, muka fito hanya.

Mun yi tafiya mai ɗan dama kafin in hango Inna. Tana tafe tana dogara taɓarya, don ba ta tsaya neman sandarta ba, wuƙar yanka kuɓewa a ɗaya hannun, mayafi a karkace. Ko rabin rabin hanyar ba ta yi ba. Da ta gan mu ta tsaya ta zauna a kan kunya tana haki.

"Kawo mini uwata nan." Na sauke mata ita a cinya. Ta kwance tsumman ta daɗe tana duban zoben. Sannan ta ɗago haɓar yarinyar. "Uwata, ashe ke ce kike cinye wa Audu gyaɗa? Duk unguwa ana ta zagin gafiya."

"Fitsari na je."

"Haka duk ɓarayin suke cewa." Ta juyo gare ni. "Ta buɗu ke nan?"

"Rabi."

"To. Mu je gida in dafa ganyen da za a gasa mata."

"Inna, asibitin Makoda za mu fara zuwa. Yatsu biyu ba su motsa ba, kuma ƙarfe mai tsatsa ya kusanci ciwon."

Ta sake duban ƙafar, ta mayar da tsumman ta naɗe. Wayata ta yi ƙara a jaka. Babansu ne, an idar.

"Na ga kiranki. Kun shirya in taho?"

"Muna hanyar gonar Audu, ni da Inna. Ka taho da babur yanzu, kada ka biya ko'ina."

"Inna kuma? Me ya fito da Inna?"

"Ka taho dai."

Na kashe. Inna ta riƙe ƙafar a tafinta tana wasa da yatsun ɗaya bayan ɗaya, tana ba kowanne suna. Da ta zo kan ƙaramin ta ɗan mintsine shi.

"Wayyo, Inna, bari."

"Kin ji?"

"Na ji mana."

Inna ta dube ni, na dube ta. Na zauna kusa da ita a kan kunyar, muka juya fuska wajen da ƙarar babur za ta fito.